FASHIN BAƘI: Jaririn da ke yawan farkawa da dare, da abin da ake ɗura masa a Jega, Aliero da Maiyama

A watan Afrilu, lokacin da zafi ke haura digiri 40 a yankin Jega, shigowar dare ba ta kawo wa mai jego hutu. Jaririn da bai cika mako ba zai sha nono bayan isha'i ya yi barci, ya farka kafin sha ɗaya, ya sake farkawa ƙarfe ɗaya, sannan uku, sannan gab da kiran assalatu. Kafin gari ya waye manyan gida sun yanke hukunci: ko nono bai ishe shi ba, ko ƙishirwa ce, ko ciki ke murɗa masa. Kowane hukunci da maganinsa. Ƙishirwa a ba shi ruwa da cokali, ciwon ciki a ɗura masa dauri ko a aika kemis, ƙarancin nono kuma a nemo madarar gwangwani idan da hali, idan babu a dama koko marar kauri.

A ilimin likitanci wannan farkawar lafiya ce. Haɗarin yana cikin abin da ake ba jaririn don ya yi shiru. Kuma a jihar da binciken ƙasa kan al'umma da lafiya na 2018 ya nuna yara 252 cikin kowane 1,000 ba sa kai shekara biyar, adadi mafi muni a Najeriya a lokacin, abin da ke shiga bakin jinjiri da tsakar dare ya wuce sirrin cikin ɗaki.

Dalilin farkawar

A ranar haihuwa cikin jariri ba ya ɗaukar fiye da mililita 5 zuwa 7 a sha ɗaya, wato kimanin ƙaramin cokalin shayi. Zuwa ƙarshen makon farko yakan ɗauki kusan mililita 45 zuwa 60. Ƙaramin mazubi ne, nonon uwa kuma yana narkewa da wuri, don haka yunwa ke dawowa bayan awa biyu ko uku, wani lokaci ma ƙasa da haka. Masana shayarwa suna ƙiyasta sha 8 zuwa 12 cikin awa 24 a makonnin farko, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a ba jariri nono duk lokacin da ya nema, dare da rana, ba tare da duba agogo ba.

Barcinsa ma ba irin na babba ba ne. Sabon haihuwa yakan yi barcin awa 14 zuwa 17 a yini, amma a gutsuttsure, kuma kusan rabinsa barci ne marar nauyi wanda a cikinsa yake motsi, yana yamutsa fuska, yana ɗan gurnani. Jikinsa bai san bambancin dare da rana ba sai ya kai wata biyu zuwa uku. Uwar da ta ɗauke shi a duk motsin da ya yi takan tashe shi daga barcin da bai gama ba. Ɗan jinkiri kaɗan yakan nuna ko ya farka ne da gaske.

Shan dare yana da wani amfani da ba a cika faɗa ba. Sinadarin da ke sa jikin uwa ya haɗa nono ya fi yawa da dare, kuma ƙa'idar nono ita ce gwargwadon yadda aka tsotse shi gwargwadon yadda yake kawowa. Jaririn da ke tashin uwarsa sau huɗu kafin asuba yana gina abincinsa na makonni masu zuwa. Idan aka cika masa ciki da ruwa ya yi dogon barci, tsotson ya ragu, nonon ya ja baya, sai zargin farko ya tabbata: nono bai isa ba. Yawancin ƙarancin nonon da ake kuka da shi ta wannan hanya ake ƙirƙiro shi.

Kuka kuwa yana da nasa zangon. Yakan ƙaru daga mako na biyu, ya kai ƙololuwa wajen mako na shida, ya fi tsanani tsakanin la'asar da isha'i, sannan ya lafa a wata na uku zuwa na huɗu. Haka abin yake a Aliero, haka yake a Landan.

Dakashi, ruwa da dauri

Matsalar takan fara tun kafin daren farko. A sassa da dama na ƙasar Hausa, har da Kebbi da Sakkwato, an daɗe ana kallon dakashi, nonon farko mai kauri da launin ɗorawa, a matsayin gurɓataccen abu da ya kamata a tatse a zubar. Akwai tsohuwar al'adar gwada nono, musamman ga mai haihuwar fari, inda ake tatsa kaɗan a saka tururuwa a ciki. Idan ta kasa fita sai a ce nonon ba shi da kyau, a dakatar da shayarwa har a yi wa uwar magani. Kafin nan jariri na rayuwa a kan ruwan ɗumi, ruwan rubutu, zuma ko nonon dabba. Ga kuma alkunyar ɗan fari, wadda ke sa yarinyar da ta zo wankan gida ta ji nauyin ɗaukar ɗanta a gaban iyayenta sai kuka ya yi kuka.

Dakashin da ake zubarwa shi ne rigakafin farko. Yana ɗauke da sinadaran kariya da ke lulluɓe hanjin jariri, yana taimaka masa fitar da baƙin kashin farko, abin da ke rage haɗarin shawara. Ƙanƙantarsa daidai take da ƙanƙantar cikin da zai karɓe shi. Shi ya sa ƙa'ida ta ce a ɗora jariri a ƙirjin uwa, fata da fata, ya kama nono cikin awa ɗaya da haihuwa. A 2018 jarirai 42 cikin 100 ne kawai suka samu haka a Najeriya.

Batun ruwa ya fi wuyar sha'ani, domin hujjar masu ba da shi tana da kama da hankali. Wanda ya yini a gonar albasa a Aliero cikin bazara ya san ƙishirwa, kuma da wuya ya yarda cewa akwai mai rai da zai yi wata shida bai kurɓi ruwa ba. Sai dai fiye da kashi 80 cikin 100 na nonon uwa ruwa ne, kuma nonon da ke fara fitowa a kowane sha ya fi tsinkewa, shi ke kashe ƙishirwa. A lokacin zafi jariri yakan yawaita gajerun sha, ya daidaita buƙatarsa da kansa. Uwar ce ya kamata ta ƙara shan ruwa. Ruwan da aka ba jaririn yana cin gurbin nono a ƙaramin cikinsa ba tare da ya ƙara masa komai ba, kuma idan daga rijiya, gulbi ko randar da kowa ke tsoma moɗa aka ɗebo shi, hanya ce ta gudawa, wadda kan iya kashe jariri cikin kwana ɗaya ko biyu. Kan wannan ne gwamnatin tarayya da Asusun UNICEF suka ƙaddamar da gangamin hana ba jarirai ruwa a 2019.

Zuma, duk da darajarta a addini da al'ada, ba a ba yaron da bai cika shekara ba, saboda takan ɗauki ƙwayar cutar da ke shanye jikin jinjiri har ta hana shi numfashi. Dauri da sauran jiƙe-jiƙe ba su da awo, ba a san ƙarfin abin da ke cikinsu ba, ƙodar jariri kuma ba ta gama ƙwari ba. Cire belu da wanzami ke yi a makon farko yana barin rauni a maƙogwaro, jariri ya ƙi tsotso, ban da zubar jini da haɗarin kamuwa da cuta daga aska.

Maganin kemis ma yana da nasa tarihin. A ƙarshen 2008 wani ruwan maganin haƙori mai suna My Pikin, wanda iyaye ke saya don lallashin yara, ya kashe aƙalla yara 84 a Najeriya bayan ya gurɓata da wani sinadari mai lalata ƙoda. Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya na cikin wuraren da aka fara ganin yaran. A 2013 Babbar Kotun Tarayya a Legas ta ɗaure ma'aikatan kamfanin biyu shekara bakwai-bakwai. Yaran da suka mutu ba wata babbar cuta aka nemar musu magani ba. Da yawansu rigima da zazzaɓin haƙori ne kawai. Har yau duk ruwan maganin da ke sa jariri barci abin tsoro ne, ko da kwalbarsa na ɗauke da lambar NAFDAC, matuƙar ba ma'aikacin lafiya ne ya rubuta shi ba.

Yadda ake gane ko nono ya isa

Kuka ba ma'auni ba ne. Ma'aunin yana cikin kunzugu da kan sikeli. Daga kwana na biyar, jaririn da ke ƙoshi yakan yi fitsari aƙalla sau shida a yini, fitsarin kuma fari ko ruwan ɗorawa marar duhu. Kashinsa yakan sauya daga baƙi zuwa ruwan ƙwai kafin kwana na biyar. Yakan rage nauyi a kwanakin farko, abin da bai kamata ya wuce kashi 10 cikin 100 ba, sannan ya koma nauyin haihuwarsa cikin kwana 10 zuwa 14.

Idan waɗannan ba su cika ba, abin da za a fara dubawa shi ne kamun nono. Jaririn da ya kama daidai bakinsa a wangale yake, leɓensa na ƙasa ya juyo waje, haɓarsa na taɓa nono, ya cusa yawancin baƙin da ke kewaye da kan nonon, ana jin haɗiyarsa. Wanda ya tsuke kan nono kaɗai zai daɗe yana tsotso bai samu komai ba, ya bar uwar da tsagewa da zogi, ya farka bayan rabin awa da yunwa. Gyaran minti goma daga ungozomar da ta san aiki yakan warware abin da aka shafe mako ana ɗora wa maita ko mugun nono. Ana kuma barinsa ya gama da nono ɗaya kafin a juya shi, saboda mai maiƙon da ke riƙe ciki a ƙarshe yake fitowa.

Yunwa tana da alamu kafin kuka: juya kai yana neman abu da baki, tsotsar hannu, motsa leɓe. Wanda aka ba a wannan lokaci yakan kama cikin natsuwa. Wanda aka bari ya shiɗe sai an fara lallashinsa.

Lallashin kuwa, mafi yawansa iyaye mata na wannan yanki sun gada. Rungumewa a ƙirji fata da fata, jijjigawa a hankali, zagaya tsakar gida da shi, ɗora shi a kafaɗa ana shafa bayansa har ya yi gyatsa, waƙar reno ƙasa-ƙasa, duk suna aiki. A duba kunzugu, a duba zafi: jaririn da aka naɗe da hula da safa da tawul biyu a ɗakin kwano cikin watan Mayu zai yi kuka ko ya ƙoshi. A lokacin hunturu kuma akasin haka ne, sanyi ke cutar da shi, musamman bakwaini. Da dare a rage haske da hayaniya don ya fara koyon bambancin lokaci. A kwantar da shi rigingine, a shimfiɗa mai ƙarfi, fuskarsa a buɗe, nesa da matashin kai da hayaƙin maganin sauro, cikin gidan sauro tare da uwarsa. Abu ɗaya ne ba a yi ko da haƙuri ya ƙare: girgiza shi da ƙarfi. Wuyansa bai riƙe kansa ba, kuma girgizar daƙiƙoƙi kaɗan na iya jawo zubar jini a ƙwaƙwalwa. Wanda ya ji ransa ya ɓaci ya miƙa shi ga wani, ko ya ajiye shi a wuri mai aminci ya fita ya sha iska.

A nan ne maigida ke da aikin da al'ada ba ta ba shi ba. Ragon suna da itacen wankan jego ba su ne iyakar haƙƙin da ke kansa ba. Matar da ke tashi sau biyar a dare tana buƙatar wanda zai karɓi jaririn bayan ya sha, da abinci mai gina jiki, da barcin rana. Kunun kanwa da ake ɗura wa mai jego don nono ya kawo ba shi ke kawo shi ba, kuma tun shekarun 1970 likitoci a Zariya suka danganta yawan shan kanwa da zafin wankan jego da ciwon zuciyar da ke kama mata bayan haihuwa. Uwar da ta wuce mako biyu cikin baƙin ciki, tana kuka ba dalili, ba ta sha'awar ɗanta, ita ma marar lafiya ce da ke buƙatar asibiti, ba faɗa ba.

Jaririn da ya kamata a ji tsoro

Abin takaicin shi ne an fi yabon jaririn da ke cikin haɗari. Wanda ke kwana bai motsa ba, ba ya neman nono, shi ake kira mai haƙuri. A makonni biyun farko, jaririn da ya wuce awa uku zuwa huɗu bai sha ba tashinsa ake yi, balle bakwaini ko mai shawara.

Alamomin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a garzaya asibiti a kansu ba tare da jiran safiya ba su ne: ƙin shan nono, jijjiga, numfashi sau 60 ko fiye a minti ɗaya, faɗawar ƙirji sosai wajen numfashi, zafin jiki sama da digiri 37.5 ko sanyinsa ƙasa da 35.5, rashin motsi sai an taɓa shi, da shawara a ranar farko ko wadda ta kai tafin hannu da na ƙafa. A ƙara da cibiyar da ta yi ja ko take fitar da mugunya, da amai mai launin kore. Faɗawar maɗiga alamar bushewar jiki ce, shafa mata magani ba ya mayar da ruwan da aka rasa.

Inda hukuma ta shigo

Duk bayanin da ke sama yana buƙatar mutum ɗaya: ma'aikaciyar lafiya da za ta ga uwa da jariri a makon farko. Ƙa'idar duniya ta tanadi dubawa huɗu bayan haihuwa: cikin awa 24, tsakanin awa 48 da 72, tsakanin kwana 7 da 14, sai mako na shida. A binciken 2018, ƙasa da haihuwa 10 cikin 100 ake yi a asibiti a Jihar Kebbi. Matar da ta haihu a ɗaki a wani ƙauye na Maiyama, kuma al'ada ta tsare ta kwana arba'in, babu wanda zai auna ɗanta ko ya gyara masa kamu. Shawarar da za ta samu ita ce ta kakar yaron da ta mai kemis. Laifin da ake yawan ɗora wa jahilcin iyaye mata, kaso mai yawa na giɓin ma'aikata ne.

Sakamakon yana bayyana bayan watanni. Binciken na 2018 ya samu yara 66 cikin 100 'yan ƙasa da shekara biyar a Kebbi sun tsumbure, nan ma jihar ce kan gaba a ƙasar, alhali ita ce ake alfahari da shinkafarta, da albasar Aliero, da kasuwar Jega da ke tara hatsi daga ko'ina. Tun 2022 ƙungiyar likitoci ta MSF ke kwantar da yara masu tamowa a Babban Asibitin Maiyama. Abincin leda mai gyaɗa da ake raba wa masu tamowa na 'yan wata shida zuwa sama ne. Jaririn da ya rame kafin ya kai haka sai an kwantar da shi da uwarsa, ana ba shi madara ta musamman ana ƙoƙarin dawo da nonon da ya ƙafe, aikin da ya fi hana shi ƙafewa wuya nesa ba kusa ba.

Madarar gwangwani ba mafita ba ce ga mafi yawan gidaje. Jariri na buƙatar kimanin kilo 20 a wata shida na farko, wato gwangwani 40 masu nauyin giram 500, ban da tafasasshen ruwa da wanke bulumboti a kowane sha. Inda kuɗi ya gaza sai a tsinka ta don ta daɗe, yaro ya ƙoshi da farin ruwa. Tana da muhallinta, kamar maraya ko jaririn da likita ya tabbatar uwarsa ba za ta iya shayarwa ba. Najeriya na da doka tun 1990 da ta taƙaita tallata ta, bisa ƙa'idar duniya ta 1981, kuma NAFDAC ce ke da alhakin tsare dokar.

A matakin ƙasa, jarirai 29 cikin 100 ne ke shan nono zalla a 2018. Binciken 2023 zuwa 2024 ya sake samun 29, alhali burin duniya a lokacin shi ne 50 zuwa 2025. A tsakanin binciken biyu mutuwar jarirai a watan farko ta tashi daga 39 zuwa 41 cikin 1,000. Dokar Ƙwadago ta ba mai ciki hutun mako 12 da aƙalla rabin albashi, da rabin awa sau biyu a rana don shayarwa; ma'aikatan tarayya na samun mako 16, mazajen da ke aikin tarayya kuma kwana 14 tun 2021. Legas da Kaduna sun kai nasu wata shida. Babu ɗaya daga cikin waɗannan da ya shafi matar da ke surfe, ko gyaran albasa, ko tuyar ƙosai a bakin tashar Jega.

Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta ware aƙalla kashi 1 cikin 100 na kuɗin shigar tarayya ga asusun kula da lafiya a matakin farko, da nufin kowace mazaɓa ta samu cibiya ɗaya mai aiki. Kebbi na da mazaɓu 225 a ƙananan hukumomi 21, kuma a Jega akwai kwalejin jiha da ke horar da ma'aikatan lafiya na matakin farko. Don haka mazaunin Jega, Aliero ko Maiyama na da tambayoyin da zai iya kai wa kansilansa, da kwamitin ci gaban mazaɓa, da hukumar lafiya a matakin farko ta jiha: ungozoma nawa aka tura cibiyar mazaɓarsa, ko akwai mai kwana a cikinta, ko akwai sikelin jarirai da ma'aunin zafi masu aiki, nawa ya shigo asusunta a zangon da ya wuce, kuma wa ke bin masu jego gida kafin ranar suna.